Anti, baiwar zanen ce ta ƙare ko in haƙura in kama saida atamfa?

Assalamu alaikum Anti, barka da warhaka, ya gida ya iyali. Dan Allah shawara nake nema kuma a sakaya sunana. Ni mai zane ce, shekarata 26, a Tudun Wada muke. Shekara uku kenan da na gama karatu a jami'ar ABU da ke Samaru, tun lokacin da zanen nake ci, ina yiwa marubutan onlayin bangon littafi, ina zana amarya da ango na katin biki, wani lokacin makarantun kuɗi su bani aikin ɗan littafin yara. Alhamdulillah bana rasa na sabulu. Amma Anti wata shida kenan in na ɗauki tabilet ɗina sai inji kamar an ɗora min dutse a ƙirji. Duk abinda na zana kama ɗaya ne, budurwa mai dogon hanci da dara-daran idanu, saurayi mai saje ya jingina da mota, sai dai in canza kalar gyale. Kwastoma zai turo hoton 'yan Koriya ko Indiya yace irin wannan yake so, in nace dubu goma yace ai AI kyauta zai masa. Da kafin in kwanta sai na cika shafi biyu don nishaɗi kawai, yanzu kwana nake ina kallon aikin wasu a Instagram da Pinterest ina jin ni ba komai bace. Umma tace in bar wahalar nan in nemi koyarwa ko in kama saida atamfa. Anti baiwar ce ta ƙare? In bari ne?

Daga ƙanwarki a Tudun Wada, Zariya

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sau biyu na karanta saƙonki, na biyun ina dariya, kar ki ji haushi, wannan saurayin mai saje na san shi, shekara da shekaru yana jingine da mota a bangon littattafanmu ko ƙafa bata masa ciwo, ya ci ace wani ya taimaka ya bashi kujera haka nan.

Kar ki bari. Baiwa ba data bace da za'a turo miki saƙo ace saura kaɗan. Amma ki koma ki karanta abinda kika rubuto da hannunki, ciwon yana ciki. Kin lissafo min abubuwan da kike kallo, hoton da kwastoma ya turo, Instagram, Pinterest, dukkansu a bayan gilashin waya suke, ko sau ɗaya baki ce kinga wani abu a layinku ya tsaya miki a rai ba. Hannun mai zane kuwa abinda ido ya ci shi yake mayarwa, shekara uku kina ɗura wa idonki ɗumamen gidan wasu, wanda suma a wani gidan suka roƙo, toh ta ina ɗanɗano zai fito?

Bari in baki labarin yadda aka taɓa tsinka ni. Farkon fara aikina, lokacin ba tabilet ba komai, takarda ce da tawada da alƙalamin ƙarfe, wani kamfanin buga littattafai suka bani hotunan littafin karatu na 'yan firamare. A ciki akwai shafin da ake son mace tana daka. Na zauna na tsara ta, na mata kyau iya kyau, na kai ina wani jin kaina. Dattijon da ke duba aikin ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo, can sai yace "Malama, wannan baiwar Allah tunda uwarta ta haife ta ta taɓa riƙe taɓarya kuwa?" Nace Baba me ka gani. Yace ta tsaya ƙiƙam ƙafa a haɗe kamar soja a fareti, ta kama taɓarya can sama kamar mai riƙe da tuta, turmin kuma ya mata nisa, in ta sauke a kan ɗan yatsanta zata sauke. Wallahi ji nayi kamar ƙasa ta tsage in shige, don ni a gidan daka na tashi, ƙarar turmi ke tashina kullum da sassafe, ashe ji kawai nake ban taɓa kallo ba. Matar da ke kaina daga wani littafin Turawa na kwaso ta, tana riƙe da tsintsiyarsu mai dogon sanda, na canza mata kaya kawai.

Ranar ban koma gida ba sai da na shiga cikin gari gidan Gwaggo, na jawo kujera 'yar tsugunno na zauna kusa da masu surfe. Mai daka ƙafa ɗaya take ɗan turawa gaba, gwiwa a sake, daga ƙugu ƙarfin yake tasowa, a tsakiya take kama taɓarya inda ta tsuke hannu ya goge ta har tana sheƙi, in ta ɗaga sai zanin da ta ɗaure a ƙirji ya tattare gefe guda, in su biyu ne suna lugude ta wannan na sama ta waccan na ƙasa, ga kaji sun kewaye turmin suna jiran tsaba tayi tsalle. Shafi shida na cika. Da na mayar da sabon, dattijon nan ko uffan bai ce ba, ya saka a fayil ya miƙo min shafi na gaba, har yau ban samu yabon da ya kai min wannan shirun daɗi ba.

Kince a Samaru kika yi karatu, toh nasan an baku tarihin 'yan tawayen Zariya kun rubuta a jarabawa kun wuce abinku. Ki sake ɗauko shi da idon mai neman magani. A 1958 ɗalibai ne kamarki a kwalejin da ta zama ABU a 1962, su Uche Okeke, Demas Nwoko, Bruce Onobrakpeya, Yusuf Grillo da abokansu suka kafa ƙungiyarsu, saboda malamansu Turawa suna koya musu zane irin na makarantun Ingila kamar ƙasar nan bata da nata. Basu ce a zubar da abinda aka koya musu ba fa, cewa suka yi a riƙe ƙwarewar a gauraya da na gida. Uche Okeke, wanda a Kafanchan ya taso, sai ya koma wa uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, mahaifiyarsa ma ta iya. Onobrakpeya ya koma wa tatsuniyoyin mutanensu Urhobo, kuma shima irin aikinki yayi, ya zana hotuna a littattafan Chinua Achebe da Cyprian Ekwensi. Abinda ke ban haushi in na tuna, su baƙi ne suka zo garin nan suka gano wannan, mu da aka binne cibiyarmu a nan muna can muna leƙen Koriya ta taga.

Ke da kike Zazzau wai kina kukan rashin abin zanawa! Ki shiga ta Ƙofar Doka ki bi lunguna a ƙafa, ki ɗaga kai ki kalli fuskar tsofaffin zauruka, waɗanda siminti da fenti basu riga sun cinye ba. Magina sun yi zane a jiki, dagi, takobi, wani wurin har keke da agogo da mota zaki gani, wato maginin abinda ya gani a zamaninsa ya burge shi shi ya ɗora a bango, bai jira an turo masa samfur ba. Ki nemi hotunan cikin tsohon masallacin Juma'a na ƙofar fada, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu, ki ga yadda bakan gizo, wato ginshiƙan da ke lanƙwasowa su riƙe rufi, ke tasowa su haɗu a sama, da ƙasa da azara kawai.

Amma wanda nafi so ki samu shine mai zanen riga. Kafin mai ɗinkin hannu ya soka allura a babbar riga akwai wanda ke fara zana aikin a jikin yadin, aska biyu ko aska takwas, tambari, dagi da sauransu. Na taɓa wuni a zauren wani tsoho ina kallonsa, ya shimfiɗa shadda a tabarma, ga alƙalamin kara ga 'yar kwalbar tawada, ba rula ba magogi, yana jan askar nan doguwa har ta tsuke a ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya kamar ya auna, alhali hirar tsadar taki yake da maƙwabcinsa. Nace Baba in kayi kuskure fa? Yace sai in san yadda nayi kuskuren ya zama ado, shaddar mutane ce, ba'a gogewa.

Don haka ga aikin gida. Ki sayi ƙaramin littafi mara layi wanda zai shiga jaka, da biro. Biro fa nace, don tabilet ya sangarta ku da danna komawa baya, layi ɗaya sai an ja shi sau talatin. Kullum minti goma sha biyar ki zana abinda ke gabanki a zahiri. Nasan ke budurwa ce, bazaki je ki dasa kujera a Kwangila kina ƙare wa maza kallo ba a fara kawo wa Umma ƙara, kuma ba sai kin je ba. Tsakar gidanku ta isa, hannun Umma tana tuƙa tuwo, ƙaninki yana barci baki buɗe, 'yan Islamiyya da yamma hijabi na jan ƙasa an rataya jaka a goshi, layin awo in kin raka yayarki, gidan biki kafin a fara hidima ki ga yadda kowace mata ke kafa ɗaurinta. In kin hau adaidaita zuwa Sabon Gari ki zana ƙeyar direba da hularsa. Ki dage a kan hannaye da yadda kaya ke ninkewa a jiki, nan ake gane wanda ya kalla da wanda ya kwafa. Hijabi yana da inda yake kamawa a haɓa da inda yake zubowa daga kafaɗa, na roba daban yake faɗuwa da na yadi, amma ku duk buhu ɗaya kuke zanawa ku huda wurin fuska. Hula ma haka, zanna daban kube daban, dattijo ya tura tasa baya saurayi ya karya tasa gefe.

Ki lura da kala kuma. Garin nan yana da nasa launin, jar ƙasar ganuwa, toka-tokar hazo lokacin ɗari da sai dutsen Kufena ya ɓace kamar ba'a taɓa yinsa ba, shuɗin baba, koren da ke tasowa bayan ruwan farko, rimi tsirara ba ganye. Wannan hoda da shunayya mai ƙyalli da kuke zubawa a bangon littafi ban san a wace unguwa kuka gansu ba.

Satin farko zaki tsani abinda kike zanawa, duk a karkace zai fito, kar ki yaga kuma kar ki ɗora a sitatus, littafin nan ba na neman layik bane. Instagram ban ce ki goge ba tunda nan ne shagonki, amma ki shiga kamar mai shiga kasuwa, ki baza hajarki ki sallami kwastoma ki fito, ba'a kwana a kasuwa. Wadda kike kallo kina raina kanki guda ɗayan da yayi kyau ta nuna miki, sauran da suka lalace suna ƙarƙashin gado. In hannu ya fara sakewa sai ki ɗauki tatsuniya ɗaya cikin waɗanda aka miki kina ƙarama, ko ta Gizo da Ƙoƙi ce, ki zana ta shafi-shafi kamar a cikin garin nan ta faru, ba wanda ya saki ba wanda zai ce ki ƙara wa Ƙoƙi haske.

Sai maganar kwastoma. Aikin saurayi mai saje ki ci gaba da yi, shi ke sayen data da man shafawa, babu abin kunya, tela ma ba kullum yake ɗinka abinda ransa ke so ba. Ki dai hana shi cinye miki yini gaba ɗaya. Gyara mara iyaka yafi komai kashe mai zane, ƙara mata haske, rage mata hanci, kai mayar da hancin yadda yake da yafi kyau. Tun farko ki rubuta masa a WhatsApp, rabin kuɗi kafin alƙalami, zaki turo zanen farko ya amince kafin ki sa kala, gyara sau biyu ne na uku da kuɗinsa, cikakken fayil kuma sai alat ɗin ciko ya shigo, kafin nan ƙaramin hoto zai gani da sunanki kwance a tsakiya. Ni sai da wani ya kwashe min hotuna goma sha biyu ya buga littafi har bugu na biyu, ba ciko ba sunana, sannan nayi hankali. Ki sani dokar haƙƙin mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a 2023 tana bayanki, asali zane na wanda ya zana ne sai in an yi yarjejeniyar saɓanin haka, kuma sallama haƙƙin sai a rubuce. Wanda ya biya kuɗin bangon littafi ɗaya bai sayi damar buga shi a riga da kofi da kalanda ba, in yana so wannan wani cinikin ne daban.

Mai cewa AI zai masa kyauta kice masa Allah ya bada sa'a, ba faɗa ba gori. Wasu zasu tafi kuma bazasu dawo ba, gara in faɗa miki gaskiya, musamman masu son budurwa mai dogon hanci, don injin nan ya haɗiyi irinta ba adadi, ya fiki saurin yinta. Amma kice ya zana miki tsakar gida a Zariya da safe ki sha kallo, rawani irin na wata ƙasa, zani ba'a san ta ina aka ɗaura ba, turmi kamar tukunyar fulawa. Mai littafin yara kuma so yake yarinya ɗaya ta fito da kamanni ɗaya tun shafin farko har na 24, tana dariya, tana kuka, ta juya baya, da kitsonta iri ɗaya. Can nake so ki karkata, littattafan yara da na makaranta, da hotunan wayar da kai na asibiti da na manoma da ake bugawa da boko da ajami. Ki duba Mustapha Bulama mai zanen barkwanci da aka sani a jaridar Daily Trust, in ya zana ɗan siyasa da malum-malum ko talaka da silifas sai ka rantse ka san mutumin a unguwarku, shi yasa ake ta tura zanen nasa waya zuwa waya.

In aikin na bugawa ne ki buɗe shi a 300 dpi, wato ma'aunin kaifin hoto, tun farko, ki mayar da kalar CMYK, wato tsarin kalar injin bugawa, ki gani kafin ki tura, ki bar rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. Shuɗin da ke ƙyalli a tabilet dusashewa yake a takarda, fatar mutum kuma in baki kula ba sai tayi duhu fuska ta ɓace. Ki taka da ƙafarki wurin masu bugawa a fitar miki da gwaji ɗaya kafin a buga dubu.

Umma kuma kar ki ga laifinta, ita abinda take gani 'yarta ta ƙule a ɗaki tsakar dare ido a gilashi tana tsaki, wace uwa ce zata so. In koyarwa ta samu ki karɓa da hannu biyu, masu zane da yawa alli ne ya riƙe su, Onobrakpeya ɗin ma ya daɗe yana koyarwa a sakandare a Legas. Albashi ko ƙarami ne yana baki bakin cewa a'a ga aikin dubu uku, ga yara cike da aji kullum kina kallon yadda suke zama da yadda suke faɗa kyauta. In tace zane ba sana'a bace ki tuna mata a garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma Magana Jari Ce da ta karanta a makaranta da hotunansa a ciki, wani ne ya zauna ya zana su.

Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai. In nauyin nan bai tsaya a zane kaɗai ba, abinci baya miki daɗi, barci ya ƙaurace ko yayi yawa, hira da ƙawaye ta zama aiki, toh ya wuce maganar biro da littafi, ki gaya wa Umma ko yayarki kuje ku ga likita, asibitin Shika ba nisa.

In ba haka bane ki fara yau bayan la'asar. Shafin farko Umma nake so, tana tsintar shinkafa ko tana yanka kuɓewa, kar kice ta tsaya ta gyara ɗankwali, kar ma ta sani. Bayan kwana arba'in ki ɗauki hoton shafukan ki turo min ta inda kika turo wannan saƙon, har da karkatattun, ki sa kwanan wata a ƙasan kowanne don zan duba in kin tsallake.